Shirin dare da ake ɗauka tun rana ba ta faɗi ba

Duk wanda ya ɗan zauna Amurka ya san shirye-shiryen talabijin ɗin nan da suke sakawa ƙarfe 11:35 na dare, mutum ɗaya da kwat a bayan tebur yana zolayar 'yan siyasa, ga makaɗa a gefe, can sai a shigo da baƙo a sha hira. Lokacin da nake karatu a New York abin ya shiga raina sosai har na riƙa neman tikitin shiga ɗakin da ake ɗauka, kuma kyauta ne fa, a intanet ake cike fom sai ka zauna jiran sa'a. Na shiga na Stephen Colbert na tashar CBS a Ed Sullivan Theater da ke Broadway, na kuma shiga na Jimmy Fallon na tashar NBC a Rockefeller Center. Tsakaninsu 'yar tafiyar ƙafa ce, kamar kishiyoyi a tsakar gida ɗaya.

Ashe ba da dare ake yi ba, ba kuma kai tsaye ba ne. Wajen biyar na yamma ake ɗauka, layi kuwa tun bayan azahar ake kama shi, don tikitin da suke rabawa ya fi yawan kujeru, ba sa son kyamara ta hasko kujera ba kowa, in ka makara sai a ba ka haƙuri ka kama gabanka. Wanda zai je ya yi lissafin sallarsa tun daga gida, da hunturu kafin biyar magariba ta yi a New York, kuma in an rufe ƙofa fita da wuya. A tafi da rigar sanyi, ɗakin kamar firji. Waya kuma a kashe ta a sa aljihu.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ɗan barkwancin da ke fitowa kafin oga. Aikinsa ya koya mana dariya, wallahi da gaske nake. Ya nuna mana makirfo da ke rataye a saman kawunanmu ya ce murmushi ba ya shiga makirfo, in abu ya ba ka dariya ka buɗe baki a ji, sai ya sa muka gwada tafi da ihu har sai da ya gamsu, wata tsohuwa a gefena tana ihu tana share hawaye ga shi ba a ma fara komai ba. A nan na gane mu ba 'yan kallo ba ne, ma'aikata ne da aka biya da tikiti.

Gidan wasan Ed Sullivan ɗin ma rigima ce ta kawo shirin CBS cikinsa. Johnny Carson ya riƙe Tonight Show na NBC, shirin da Fallon ya gada daga baya, daga 1962 zuwa 1992, da zai sauka mutane da yawa sun ɗauka David Letterman ne magaji tunda shirinsa ke biyo baya, sai NBC ta ba Jay Leno. Letterman ya kwashe kayansa ya koma CBS a 1993, suka saya masa wannan gida, ya fara yi wa Leno fintinkau sai a 1995 Leno ya sha gabansa. NBC ta sake maimaita rikicin, ta ba Conan O'Brien kujerar a 2009, wata bakwai kacal aka ce zai matsa zuwa 12:05 don a dawo da Leno, ya ce ba da shi ba, aka sallame shi da ma'aikatansa da kusan dala miliyan 45 ya tafi tashar TBS. Duk wannan dambarwa kan minti 30 ce kawai, don a lokacin kuɗin talla na bin wanda ya riƙe mutane bayan labaran ƙarfe 11.

To amma a layi nakan ja mutane da hira, kuma yawancin wanda na tambaya ko yana zama har 11:35 sai ya yi dariya, a YouTube suke gani da safe a jirgin ƙasa, ni ma haka. In kana cikin ɗakin za ka ga yadda aka yanka shirin gunduwa-gunduwa, kowane yanki zai iya tsayawa shi kaɗai a waya, wasannin da Fallon ke yi da baƙinsa musamman. A ganina shi ya sa hirar ta yi laushi, baƙo ya zo tallar fim ɗinsa, ya ba da labarin da aka riga aka tsara, a tafa a tafi talla.

A Yulin 2025 CBS ta sanar za ta rufe shirin Colbert a Mayun 2026, ba canjin mai gabatarwa ba, rufewa kwata-kwata, alhali shi ya fi yawan masu kallo a wannan sa'ar. Sun ce batun kuɗi ne zalla. Wasu suka ce siyasa ce, tunda kwanaki kaɗan kafin nan ya caccaki Paramount, uwar kamfanin, kan dala miliyan 16 da ta amince ta biya don sasanta ƙarar da Trump ya shigar. Ni dai na fi karkata ga cewa duka biyun ne suka haɗu.