Ajamin da na tarar a Garnaɗa

Ranar da na sanar a gida cewa harshen Sifaniyanci da adabinsa zan karanta a jami'a, Baffa, wanda shi ya biya mini Ahalari da Ishmawi tun ina ƙarami, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ɗana, ban da masu buga ƙwallon da kuke kallo, su wa ke yin wannan harshe?" Na ce, "Allah ya gafarta malam, mutum kusan miliyan 500 ne suka tashi da shi a bakinsu, kuma shi ne harshen hukuma a ƙasashe 20." Na ƙara masa da cewa Meziko ta fi Sifaniya kanta yawan masu magana da shi, kuma ko a nan kusa da mu akwai Ikwatoriyal Gini, wadda birninta Malabo ya fi kusa da Kalaba a kan yadda Kano take kusa da Kaduna. Ya sa mini albarka, amma na ga alamar amsar ba ta ratsa shi ba. Sai da na kai shekara ta uku a Jami'ar Garnaɗa da ke kudancin Sifaniya kafin na samu amsar da ta dace da mutum irinsa.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa wanda ya karanta harshe a jami'a gaisuwa da ciniki kawai ake koya masa. Wannan sai da na kammala shi kafin a ba ni gurbi, domin digirin kansa, mai shekara 4, da Sifaniyanci ake koyar da shi tun daga ranar farko, kuma ɗalibi baƙo yana zaune ne tare da waɗanda suka sha harshen a nono. Akwai ilimin furuci, da nahawu, da Latin wanda shi ne uwar harshen, da tarihin yadda kalmomi suka sassauya, sai kuma adabin Sifaniya da na Latin Amurka.

Bahaushe yana shiga wannan aji da guzurin da bai san yana da shi ba. Wasulan Sifaniyanci biyar ne, irin namu, kuma yawanci yadda aka rubuta kalma haka ake furta ta. Kaɗa harshe wajen furta harafin r, abin da ke wahalar da ɗaliban Ingila da Faransa wata da watanni, mu da shi muka tashi. Sunaye kuma sun rabu zuwa namiji da mace, har ma yawancin na mata da wasalin a suke ƙarewa, kamar dai a Hausa. Kuma kamar yadda gida da ruwa da suna suka ƙare da a alhali maza ne, haka su ma suke da irin waɗannan, misali día, wato yini. Inda na sha wuya shi ne rarrabe p da f, domin a bakinmu abu ɗaya ne, a nasu kuwa puente gada ce, fuente kuma maɓuɓɓugar ruwa. Na ɗauki watanni ina tsayawa gaban madubi ina duban leɓɓana kafin su saba. Ga kuma mutanen Garnaɗa da ke haɗiye harafin s na ƙarshen kalma, ta yadda abin da ka haddace a littafi da abin da mai sayar da burodi zai faɗa maka sukan yi hannun riga.

Darasin tarihin harshe shi ne wanda abokan karatuna suka fi tsoro, ni kuwa shi ya fi kama zuciyata. Musulmi sun tsallaka zuwa wannan ƙasa a shekarar 711 ƙarƙashin Ɗariƙu ɗan Ziyadu, kuma mulkinsu bai ƙare ba sai da Garnaɗa ta faɗi ranar 2 ga Janairun 1492. Zaman kusan shekara 800 ya bar kalmomin Larabci kimanin 4000 a cikin Sifaniyanci, kuma da yawa daga cikinsu sun shiga ne tare da "al" ɗinsu, daidai yadda albasa da alkama da alƙalami suka shigo Hausa. Shugaban gari a wurinsu alcalde ne, wanda tushensa ɗaya da alƙalinmu. Sukari azúcar, zaitun aceituna, kalmar hasta kuwa ita ce hatta da muke faɗa kullum. Har ƙwallon nama da suke dafawa cikin miya, albóndiga, dangin bindiga ne, domin duka biyun sun samo asali daga kalmar Larabci mai nufin ɗan ƙaramin abu mulmulalle. Na cika bayan littafina da irin waɗannan tagwaye, ina jin kamar wanda ya je baƙunta nesa ya tarar da 'yan garinsu.

Wata safiya a lokacin sanyi, malamar da ke koyar da mu wannan darasi ta haska hoton wani tsohon shafi a bango, ta tambaya ko akwai mai iya karantawa. Ajin ya yi tsit. Ni kuwa da na ɗaga kai sai na ga rubutun da na sani tun ina riƙe da allo: fa mai ɗigo a ƙasa, ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama, ga wasulla an zuba wa kowane baƙi nasa, ba a bar ko ɗaya tsirara ba. Na ɗaga hannu na fara da Bisimilla. Da na wuce ta, sai na ji abin da ke fita daga bakina ba Larabci ba ne. Sifaniyanci ne tsohon yayi, an rubuta shi da baƙaƙen Larabci. Inda suke buƙatar p, sai su ɗora shadda a kan ba, inda suke buƙatar sautin c kuma su ɗora ta a kan jim, irin dabarar da malamanmu suka yi wa sautukan Hausa da babu su a Larabci. A tsakanin kalmomin Sifaniyanci ina ta cin karo da salla da annabi da aljanna, an bar su yadda suke, kamar yadda mu ma muka bar su.

Malamar ta rubuta sunan wannan rubutu a allo: aljamiado. Ta ce daga kalmar Larabci al'ajamiyya ya fito, wato harshen da ba Larabci ba. Na ce mata a garinmu ma Ajami muke kiran namu, kuma har yau akwai dattawan da ba sa rubuta wasiƙa ko lissafin kasuwa sai da shi. Ta sa na fito na rubuta sunana da sunan garinmu, sauran mintunan darasin kuma suka ƙare a tambayoyin da ɗalibai suka yi ta yi mini.

Labarin masu wannan rubutu yana da ɗaci. Musulmin da suka rage a Kastila da Aragon, masarautun Sifaniya na wancan zamani, sun daɗe a ƙarƙashin sarakunan Kirista har Larabci ya kuɓuce wa yawancinsu, amma suka ƙi sakin baƙaƙensa. An tilasta musu barin addininsu, a Kastila a 1502, a Aragon a 1526, aka laƙaba musu suna Moriskawa, sannan a 1567 Sarki Filib na Biyu ya haramta wa na Garnaɗa magana da Larabci da rubutu da shi. Duk da haka suka ci gaba da kwafar hukunce-hukuncen alwala da salla, da addu'o'i, da ƙissar Annabi Yusuf a waƙe, a ɓoye, cikin harshen da 'ya'yansu ke ji. Daga 1609 zuwa 1614 aka kore su baki ɗaya, mutum kusan 300,000, yawancinsu zuwa Arewacin Afirka. A 1884 magina da ke gyaran wani tsohon gida a ƙauyen Almonacid de la Sierra, kusa da Saragosa, suka tarar da tarin littattafai a ɓoye ƙarƙashin daɓen katako, inda mai su ya adana su kusan shekara 300 da suka wuce. Wasu sun salwanta kafin a gane darajarsu. Duk lokacin da na tuna wannan, tunanina yakan koma kan gafakokin da ke jibge a zaurukanmu, waɗanda ba wanda ya hana mu karanta su, amma gara da ɗigar damina suna cin su a hankali.

Bayan wannan rana ne na sake karanta Don Kihote na Cervantes, wanda kashinsa na farko ya fito a 1605, na biyu a 1615, kuma na ga abin da idona ya tsallake a karon farko. A babi na 9 mai ba da labarin ya ce a wata kasuwa ta Toledo ya sayi tsofaffin takardu masu rubutun Larabci daga hannun wani yaro, ya nemo Bamoriske ya fassara masa su, ya biya shi da busasshen inabi da alkama. Ma'ana, littafin da Sifaniya ta fi alfahari da shi yana ikirarin cewa asalinsa rubutun wani Balarabe ne. A kashi na biyu kuma, wanda ya fito bayan korar, akwai wani Bamoriske mai suna Rikote, maƙwabcin Sanco abokin tafiyar Don Kihote, wanda ya dawo a ɓad da kama don ya haƙo dukiyar da ya binne, yana kukan rabuwa da ƙasar da aka haife shi. A ganina, wanda bai san tarihin waɗannan mutane ba zai yi dariyar littafin kawai ya wuce, kuma wannan ne ya sa ban yarda da masu cewa a koyi harshe a bar tarihinsa da adabinsa ba.

Da na zo hutu, na buga hoton shafin nan a takarda na kai wa Baffa bayan sallar La'asar. Kafin na miƙa masa, na tuna masa cewa Alfazazi mai Ishiriniyar da yake rerawa duk Maulidi a Ƙurɗuba aka haife shi, Ibnu Malik mai Alfiyya mutumin Jayyan ne, Ibnu Asim mai Tuhufa kuwa alƙalin Garnaɗa ne, garin da nake zaune, kuma duk waɗannan garuruwa a Sifaniya suke a yau. Ya gyara tabarau, ya bi layin farko da yatsa ba tare da tuntuɓe ba, ya shiga na biyu yana furta kalmomi daidai alhali bai san ma'anarsu ba. Ya ɗago ya ce, "Wannan ai hannun almajiri ne, kuma ya iya riƙe alƙalami. Me yake cewa?" Na matsa kusa da buzunsa, shi yana karantawa, ni ina fassara masa, har aka kira Magariba.