Bin sawun wasiyya a hannun lauyan da ya ajiye aiki

Shagona a Ringim yake, kuma abin da ke ciyar da ni kullum buga takardu ne: yarjejeniyar cinikin gona, takardar haya, wasiƙar neman aiki. Aikin da ke cinye takalmi kuwa shi ne neman takardun mamaci. Yawanci mata masu takaba ne ke aiko shi ta hannun ɗa ko ƙane, tunda ba su cika fita ba sai wata huɗu da kwana goma sun cika.

Wata Hajiya ta aiko ɗanta da fotokwafin wasiyyar maigidanta, tsohon malamin makaranta. Rubutun ya koɗe, 'yan uwan miji sun ce ba su san zancen ba, a kawo ta asali. Marigayin irin mutanen nan ne da suka fara aiki kafin a cire Jigawa daga Kano a 1991, har ya rasu komai nasa a Kano yake yi, lauyansa ma can yake. Da muka je adireshin da ke jikin hatimi, sai muka tarar ana sayar da wayoyi a wurin.

Reshen ƙungiyar lauyoyi kan taimaka da lambar waya, amma a ganina ba wanda ya kai tsofaffin masu buga takardu na bakin kotu sanin inda kowa ya koma. Su suka haɗa mu da tsohon akawun ofishin, kuma shi ake nema tun farko, don lauya sa hannu yake yi, akawu ke ajiya. Fayiloli na gareji a gidan Barista, cikin kwalaye da buhuna, na ƙasa gara ta yi musu aiki. Akawun bai duba suna ba, shekara ya tambaya, ya jawo kwali na uku. Ambulan ruwan ƙasa ce, bakinta a liƙe.

Na miƙa hannu, Barista ya janye.

"Ranka ya daɗe, Hajiya ce ta aiko mu."

"Na ji, ɗan nan. Ina takardar shaidar rasuwa? Kuma ɗansa zan ba, gaban shaidu, ba kai ba."

Gaskiyarsa ce, ko da yake ta ja mana kuɗin mota na biyu.

Tun kafin mu hau mota nakan faɗa wa iyali cewa takardar ba ta fi ƙarfin shari'a ba. Alƙali zai fara da bashi, sannan wasiyya, wadda ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji sai sauran magada sun yarda. Marigayin ya ba makarantar Islamiyya gona ɗaya, wannan ta wuce lami lafiya. Gidan da ya rubuta wa Hajiya ne ya tsaya, domin ita magajiya ce, tumuni ne rabon matan mamaci tunda akwai 'ya'ya. Nata sun yarda, 'ya'yan uwargida sun ce sai sun yi shawara.

Kuɗin banki hanyarsa daban, sai an karɓo takardar izini daga sashen gado na Babbar Kotu a Dutse. Ni dai kuɗin mota da ladan yini nake karɓa, ba na shiga kason gado. An ɗage zaman zuwa bayan girbi.