Kafin na ɗaura wa motata tirelar kwana

Littafin motata ya ce za ta iya jan kilo 1,500, takardar tirelar kwana da muke son tafiya da ita, wato ɗan ɗaki mai tayoyi da ake ja da mota a kwana a ciki, kuma ta ce nauyinta kilo 1,050 ne. Da na ga haka sai hankalina ya kwanta, na ce wa maiɗakina magana ta ƙare, ta fara haɗa kaya. Ashe ko farawa ban yi ba.

Abin da ya tsayar da ni wata 'yar farantin ƙarfe ce da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba, wadda na shekara da shekaru ina wucewa ban taɓa karantawa ba. Lambar farko a jikinta ita ce iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta: kilo 1,950. Motar ita kaɗai 1,450 ce. Ke nan kilo 500 kacal nake da shi na mutane da kaya. Kuma akwai wani nauyi da mutane ba sa lissafawa, wato wanda kan tirelar ke dannawa a kan ƙugiyar bayan mota. Shi ma daga cikin 500 ɗin nan ake cire shi.

Sai na yi abin da nake roƙon kowa ya yi. Na loda komai kamar ranar tafiya ce, har ruwa a tanki, na ɗauki iyalina muka je sikelin awon manyan motoci. Tirelar da aka ce 1,050 ce sai ga ta 1,290. Ba ƙarya aka yi mini ba. Awon kamfani na tirela ce wayam, babu ruwa, babu tukunyar gas, babu batir, babu katifu. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ni kuwa na cika tankin lita 60. Mu biyar muka tashi kilo 290, kayan but 140, kan tirela kuma na danna 95 alhali ƙugiyata 75 aka rubuta mata. Jimla 525. Na fito na dubi motar ta gefe: bayanta ya zauna, hancinta ya ɗaga, tazarar da ke tsakanin tayar baya da jiki ko yatsu biyu ba ta kai ba. Tayoyin gaba, waɗanda su ke juya mota, sun rage riƙe ƙasa. Da 'ya'yana uku a kujerar baya, gabana ya faɗi sosai.

Ƙungiyoyin masu jan irin wannan tirela a Ingila suna ba sabon shiga shawarar kada nauyin tirela ya wuce kashi 85 cikin ɗari na nauyin motar wayam. Ba doka ba ce, amma na yarda da ita, domin tirelar da ta kusa kai motar nauyi ita ke fara tuƙa mota idan iska ta bugo ko babbar mota ta wuce da gudu. Tawa ta kai kusan kashi 89. Muka zubar da ruwan, muka rage kaya, muka jera masu nauyi a ƙasa daidai saman tayoyin tirelar. Kada mutum ya ce zai sauƙaƙa wa ƙugiya ta hanyar tura kaya can ƙurya baya; wannan shi ke sa tirela ta fara kaɗa wutsiya hagu da dama. Muka dawo 1,200, kan kuma 75 cif.

Doguwar tafiya tana da nata hukuncin, kuma zafi ne. A hawa mai tsawo injin da giya suna dafuwa, musamman giyar otomatik, shi ya sa na sa bakanike ya canja man giya ya duba lagireto. Injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke tura masa ƙarin iska, yakan rasa kusan kashi 3 na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau sama, saboda iska na raguwa. A gangara kuwa ƙaramar giya nake sawa, don birkin da aka daɗe ana takawa yakan yi zafi ya daina kamawa. Tirelar da ta kai wannan nauyi dole ta zama da birkinta. A Turai marar birki ba ta wuce kilo 750.

Tayoyin tirela sukan tsufa kafin su cinye. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta. Nawa sun haura shekara bakwai, da ƙananan tsaga a gefe, na canja su duka.

A rana ta biyu ta tafiyar wata babbar mota ta wuce mu, na ji bayan motar ya ja gefe, na ga tirelar na rangaji a madubi. Ban taka birki ba, ban murɗa sitiyari ba. Na ɗage ƙafa daga totur a hankali, na riƙe sitiyarin miƙe. Ta yi lilo sau biyu ta daidaita. Maiɗakina ta juyo ta ce, "Baban yara, lafiya?" Na ce lafiya lau, na sauko zuwa kilomita 80, a haka muka ƙarasa.