Godiyata bayan tseren ranar Lahadi

Assalamu alaikum ƴan'uwa da abokan arziki.

Yau kwana uku ke nan da tseren, kuma sai yau cinyoyina suka bar ni na yi sujada ba tare da na dafa bango wajen tashi ba. Saƙonninku sun fi ƙarfin in bi su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta a nan kowa ya gani. Wanda na tsallake ya yi mini afuwa, kan ne bai gama dawowa daidai ba.

Da yawa kun tambaye ni wane irin wasa ne wannan. Sunansa triyatlon. Wasa uku ne a jere babu hutu: iyo, sai keke, sai gudu. Mu mun ɗauki tsawon da ake yi a gasar Olamfik tun da aka shigar da wasan a Sidni a shekarar 2000, wato iyo mita 1500, keke kilomita 40, gudu kilomita 10. Agogo ba ya tsayawa. Ko ɗaurin takalmi kake yi tsakanin keke da gudu, lissafi yana tafiya. Gwanayen duniya sukan gama ƙasa da awa biyu. Ni awa 3 da minti 43 na yi. Mu 14 muka shiga ruwa, 11 suka ƙarasa, na zo na tara. Babu kofi, babu takobi irin na ƴan kokawa, babu ko dala. Ba wata hukuma ce ta shirya ba, mu ne dai ƴan sha'awa na nan Yamai muka haɗa kuɗi, muka kama wurin iyo na safiya ɗaya, muka sayi ruwa da ayaba.

A dokar wasan, an hana kowa daga waje ya taimaki ɗan tsere a kan hanya. Kai da jikinka da kekenka. Tun da na huta nake ta ƙirga mutanen da na hau kafaɗarsu kafin in kai ƙarshen kilomitan nan, abin har ya ba ni kunya.

Na fara da maman yara. Wata takwas ke nan ina tashi kafin kiran sallar asuba, in yi salla, in fita da keke ko in yi gudu, in dawo ina wari, in yi wanka, in wuce aiki. Shirya yara su tafi lakwal, wanda da rabawa muke yi, ya koma kanta gaba ɗaya. Da azumi kuwa, da na mayar da motsa jikin bayan asham, sai sha ɗaya na dare nake shigowa, in tarar an ajiye mini fura a rufe. Ta yi magana sau ɗaya tak, ranar da ta ga abin da na kashe a kan tayoyi biyu, kuma gaskiyarta ce. Ranar tseren ita ta tsaya a kilomita na takwas da yaran, babbar tana ihu tana cewa "Baba, wancan tsohon ya wuce ka!" Ya wuce ni kuwa. Hajiya, Allah ya saka miki da alheri, ya bar zumunci. Asabar huɗu masu zuwa naki ne, na faɗa a gaban jama'a.

Sai Inna a Tawa. Ni ne ɗan fari, don haka har yau ba ta kama sunana. Da na kira ta na yi mata bayanin abin da zan yi, ta yi shiru, can ta ce, "Ɗan nan, kai da Allah ya ba aikin zama a inuwa, wa ya kore ka?" Ban sami amsa ba. Amma ranar Juma'a sai ga saƙo a motar Tawa, ya biyo ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso: ƙullin dabino, kilishi, da zuma a gora. Zumar nan na dama da ruwa da ɗan gishiri da lemun tsami, ita na sha a kan keke. Masu kuɗi suna da ƴan ledojin abin ƙarin kuzari da ake kawowa daga Faransa, ni ban ga abin da suka fi ni da shi ba sai tsada. Inna, a gafarce ni da dukan da na sa kika yi mini ina yaro saboda shiga tabki a Tabalak lokacin da muka je wajen Kawu. Can na koyi iyo, ga shi ya yi rana.

Yanzu bari in zo kan mutanen wurin aiki, domin da ba don su ba da ko bakin ruwan ban je ba.

Waɗanda suka san ni sun san sana'ata rubuta manhaja ce. Wuni nake a gaban kwamfuta, in kuran ya ɗauke mu koma kan batir, in intanet ya yi nauyi mu jona da waya. Watannin nan muna gina wa wata ƙungiyar ƴan kasuwar albasa manhajar da za su riƙa rubuta buhu nawa ya shigo daga Galmi, nawa aka sayar, wa ake bi bashi. To kun san mutanenmu da dala suke lissafi, ba da faran ba. Dala ɗaya faran biyar, jika ɗaya dala ɗari biyu. Sai muka sa wuri a manhajar inda mutum zai rubuta kuɗi da dala, ita kuma ta ninka sau biyar ta ajiye da faran. Duk mai wannan sana'a ya san ba a sakin sabon zubin manhaja ranar Juma'a da yamma, don in ya ɓaci babu mai hutun ƙarshen mako. Ni da bakina nake faɗa wa yara haka. Ni ne kuma na saki ranar Juma'a da la'asar, don ina so in shiga tsere da kai babu nauyi.

Bayan isha'i waya ta fara ruri. Buhun jika goma ya koma jika hamsin. Wani Alhaji ya kira ni da kansa, ya ce, "Malam, na'urar taku ta ce ana bina abin da ko gonata na sayar ba zan biya ba." Na koma ofis da silifa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar tawa ce: na sa wayar ta ninka sau biyar, na manta cewa sabar, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan, ita ma tana ninkawa. Amma a daren ban gani ba. Na karanta layukan nan ya fi sau goma, idona yana bi ta kansu yana wucewa. Ƙaramar cikinmu, wadda ba ta cika shekara da fara aiki ba, ita ta gano wajen ƙarfe sha biyu. Ta juyo da allon ta nuna mini da biro, ba ta ce komai ba. Muka mayar da tsohon zubi. Saura gyaran lissafin da ya riga ya shiga a karkace, wanda sai an bi shi ɗaya ɗaya. Nan maigidanmu ya ɗauke mini kwamfuta ya rufe, ya ce, "Tashi ka je ka kwanta, jibi kana da ruwa." Su uku suka kwana a kai, suka wuni Asabar, har ƙaramar ta rubuta gwajin da zai kama irin wannan kuskure tun kafin ya fita. Ƙanwata, na gode, kuma na faɗa wa maigida a gabanki cewa aikin naki ne. Alhazan albasa, na gode da haƙuri. Wanda ya kira ni ɗin ma ya aiko da buhu guda gida, maman yara ta ce a isar da godiya.

Iyo shi ne inda na fi jin tsoro. Mutane suna cewa ga kogi a gabanku, me ya kai ku biyan kuɗin wurin iyo? Kogin yana da dorina, yana da tsargiya, kuma a wannan lokaci na sanyi ruwansa a cike yake yana ja. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Wurin da muka kama tsawonsa mita 25 ne, ke nan sau 60 mutum zai ratsa shi. Wanda bai taɓa yi ba zai ce ƙirga 60 wasa ne. Daga ka kai ashirin da wani abu, ruwan sanyi ya bugi kai, lissafi ya tafi. Ƴan fadarmu ne suka zauna a baki, kowa da ɗan tserensa da ƙwallayen dabino 30 a cikin kofin shayi, in ka je ka dawo ya fitar da ɗaya. Waɗannan mutane shekara biyu suna yi mini dariya, suna kirana "kwaɗo", suna cewa wandon keken nan nawa bai dace da magidanci ba. Amma ƙarfe shida na safe, cikin hunturu da hazo, suna nan da rawani da butar shayinsu a kan gawayi. Wanda ya ƙirga mini ya rantse bai ci ko ƙwallo ɗaya ba. Na yarda da shi, ko da yake ratsawar ƙarshe ta yi mini tsawo. Minti 41.

Ina gode wa mai gadin wurin, dattijon da yake buɗe mini ƙofa tun duhu bai washe ba. Shi ya fara gaya mini ina ɗaga kai da yawa wajen shan iska, ƙafafuna suna nutsewa. Shi ya kuma tuna mini da Hamadou Djibo Issaka, ɗan ƙasarmu da ya je gasar Olamfik ta Landan a 2012 ya yi tseren kwalekwale bayan ƴan watanni kawai da fara koyo, ya zo na ƙarshe, jama'a suka tashi tsaye suna yi masa tafi. Ya ce, "Shi ma a bakin irin wannan ruwa ya yi aiki." Maganar ta zauna mini.

Keken nawa na gwanjo ne, a Katako na saye shi, ya girmi babbar ƴata. Makanikin da yake duba mini shi ya ƙi karɓar kuɗin aikin ƙarshe, ya ce in na ci in kawo masa rabonsa. Malam, ban ci ba, amma ina nan tafe da goro.

Mun bi hanyar Kollo, kilomita 20 zuwa, 20 dawowa, ta Saga da Libore, gonakin shinkafa a gefe. Tafiya lafiya lau, iska tana bayana, har na fara jin kaina wani ne. Da muka juyo sai iskar ta dawo fuska, da ƙura. A kilomita na 27 na kauce wa wata amalanke na sauka gefen kwalta, tsidau ya samu tayar baya. Ina da robar ciki ta canji, na sa ta, hannuna yana rawa. Na ɗauko ɗan famfona, bugu uku bakinsa ya tsage. Na tsaya a bakin hanya da hular kwano a kai ina kallon waɗanda na wuce suna wuce ni. Can wani mai faci da ke ƙarƙashin bishiya ya taso da famfonsa a kafaɗa. Ba ya jin Hausa sosai, ni kuma Zabarmancina na cefane ne. Ya tsuguna ya buga iska, ya matsa tayar da babban yatsa, ya daki sirdin, ya nuna mini hanya. Babu ko dala a jikina, wandon ba shi da aljihun kuɗi. Jiya na koma da kabu-kabu ban same shi ba, aka ce ya tafi suna. Duk wanda ke bin hanyar ya ga mai faci da jar hula wajen Libore, ya gaya masa mai keken nan yana nemansa.

Da na iso na faɗa wa alƙalinmu abin da ya faru. Mushe ne, tsohon malamin wasanni da ya yi ritaya, da usur da agogo a wuya. Ya ce a gasar gaske da an fitar da ni. Ya dubi sauran, ya dube ni, ya ce a ƙara mini minti biyu. Shi ya sa awa 3 da minti 41 ta zama awa 3 da minti 43. Mushe, na gode da adalci, na kuma gode da sassauci.

Gudun ba ni da abin faɗa mai yawa a kansa, don rabinsa ban san inda nake ba. Wanda ya sauka daga keke ya fara gudu, ƙafafunsa kamar na aro suke. Mun bi bakin kogi ta Gamkalle, na tuna warin majema, na tuna masu wanki sun shanya kaya suna kallonmu. A kilomita na shida jijiyar cinyata ta dama ta ɗaure, na koma tafiya. Wata ƴar'uwa ma'aikaciyar jinya da ta ba da ranar hutunta kyauta tana bin mu a kan babur, ta tsaya ta dubi idona, ta tambaye ni sunan unguwarmu da ranar da muke ciki. Da na amsa daidai ta ce in ci gaba, amma in ta ga ina tangaɗi za ta ɗauke ni ko ina so ko ba na so. Mutum uku ta tsayar a ranar, kuma dukansu suna gida lafiya. Allah ya biya ki. Haka yaran da suka tsaya a mahaɗar hanyoyi suna tare mana motoci, da direbobin taksi da suka yi haƙuri ba su yi ta oda ba, da matar da ke tuyar ƙosai da ta watsa mini ruwa a ƙeya ba tare da na roƙa ba.

Akwai kaya a hannuna da ba nawa ba: kula babba mai ruwan bula, faranti biyu, da tabarau na iyo da wani ya bari a kan kujera. Ni kuma gorar zumar Inna ta ɓata, da sauran zuma a ciki. Wanda ya tsince ta ya shanye zumar halal, amma ya maido gorar, don da na kira Inna na ce mata na gama lafiya, na zo na tara, abin da ta fara tambaya ke nan.