Babur ɗin doguwar tafiya: sayi wanda hanyarka ta san shi

Duk saurayin da ya turo min hoton ƙaton babur ta WhatsApp ya ce, "Yaya, ya ka ga wannan?", abin da nake fara tambayarsa shi ne ina za shi da shi. Yawanci sai a yi shiru. Ya san sunan babur ɗin, ya san ƙarfin injinsa, ya kalli Turawa a YouTube suna hawan duwatsu da shi, amma bai taɓa zama ya lissafa hanyar da shi kansa zai bi ba. Kano zuwa Sakkwato ta Funtuwa da Gusau, fiye da kilomita 500? Ko Jos ta Saminaka? Ko kuwa burinsa ya hau tsaunin Mambila, daga Serti ta Mayo Selbe har Gembu? Kowace a cikinsu da abin da take nema a wurin mashin. Ni ma lokacin da na fara, babur na zaɓa tukuna, sannan na nemo masa hanya, kuma na ɗanɗana kuɗata.

Wanda na fara saya ɗan Beljiyam ne, ƙato, injinsa ya haura cc 1000 (cc ma'aunin girman inji ne), da akwatuna uku na ƙarfe a baya. A cikin gari babu abin da ya rage shi da shi. Ban ga laifin waɗanda suka ƙera shi ba har yau. Sun yi shi ne don ƙasar da ake samun tsaftataccen mai a kowane gari, da garejin kamfani mai kwamfutar binciken inji. Ni kuwa na nufi Yola da shi. Mai ya yi ƙasa, gidajen man da na tarar a rufe, na tsaya wajen 'yan bumburutu aka juye min galan. Bayan na wuce Kaltungo ya fara tari, ya mutu. Famfon man da ke cikin tanki ne ya toshe, ya ƙone. Bakaniken da aka kira min mutumin kirki ne, ya iya aikinsa, ya zagaya babur ɗin ya ce, "Alhaji, gaskiya wannan ba na taɓa shi. Sai dai a kai shi Abuja." A bayan motar kaya muka dawo, na yi makonni ina jiran ƙaramin ƙarfe daga waje, da dala kuma aka biya. A wannan rumfar da na zauna, an gyara Boxer da Jincheng a gabana, kowanne mai shi bai gama shan ruwan leda ba aka miƙa masa makulli.

Saboda haka abin da za ka fara aunawa shi ne gyara. Tsaya ka tambayi kanka: in ya tsaya min a garin da babu kowa nawa, wa zai buɗe shi, kuma daga ina kayan za su zo? Kayan Bajaj da TVS da Haojue da Honda Ace kana samun su a Fagge, kana samun su a ƙaramar kasuwar ƙauye, domin daga Nnewi da Legas suke kwarara zuwa kowane lungu. Kayan manyan babura kuwa, masu sayar da su da masu iya gyaransu sun fi taruwa a Legas da Abuja. Babur mai kafireta, in mai ya zo da datti, a kwance a wanke a mayar, ka ci gaba da tafiya. Mai injekta, wato wanda na'ura ke fesa wa injinsa mai a maimakon kafireta, ya fi shan mai kaɗan, ya fi tashi da sauƙi da sanyin safiya, amma ba ya yafe gurɓataccen mai, kuma kowa ya tuna man da aka shigo da shi a watan Fabrairun 2022 mai yawan sinadarin methanol, wanda ya kwantar da motoci a Legas da Abuja. Ban ce ka guji injekta ba, kusan duk sababbin manyan babura da shi suke zuwa. Cewa nake in shi za ka hau, ka riƙe matatar mai ta sawa a bakin tanki, kuma kada ka bari tanki ya sauka ƙasa da rabi ba ka cika a gidan man da ka yarda da shi ba.

Sai nauyi, wanda babu mai ganinsa a hoto. BMW R 1200 GS Adventure da cikakken tankinsa na lita 30 yana kai kilo 260. Africa Twin na Honda yana wajen 230. Yamaha Ténéré 700 ya ɗan haura 200, Royal Enfield Himalayan da Honda CB500X suna gab da 200, Suzuki DR650 bai kai 170 ba, Boxer mai cc 150 kuwa bai fi kilo 125 ba. Ɗora kayanka a kan wannan. A kan kwalta mai kyau nauyi daɗi ne, iskar tirela ba ta girgiza ka. Amma hanyoyinmu ba su cika barin mutum a kan kwalta ba. Za a karkatar da kai gefe saboda aiki, ko gada ta karye da damina, ka tsinci kanka cikin yashi ko taɓo. Za ka faɗi, kowa yana faɗuwa. Abin tambaya shi ne ko za ka iya ɗaga shi kai kaɗai, da tsakar rana a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Ni ban iya ba. Na tsaya a gefen hanya har Allah ya kawo masu wucewa suka kama min. Kafin ka biya kuɗi, zauna a kai ka ga ko tafin ƙafarka yana taka ƙasa sosai, sannan ka sauka ka tura shi baya da hannu a wurin da ke da ɗan tudu. In ka ji yana neman rinjayarka alhali babu kaya a kansa, ba naka ba ne, komai kyansa.

Wanda yake ganin sai da inji mai cc 1200 ake tafiya mai nisa, ya dubi Kunle Adeyanju. A shekarar 2022 ya taso daga Landan a kan babur, ya keta Faransa da Sifen da Maroko da Muritaniya, ya iso Legas a ƙarshen watan Mayu bayan kimanin kwana 40, yana wayar da kan mutane a kan cutar shan inna. Honda CB500X ya hau, matsakaicin babur.

To ƙarami fa? A nan ma kada a ruɗe ka. Boxer zai kai ka ko'ina, amma zai kai ka ne a kan kilomita 70 zuwa 80 a awa, kana maƙale a gefen titi, tankoki da manyan bas suna wuce ka da tazarar hannu. In kuma ka matsa masa ya yi ta kuka awa bayan awa, injin da iska ke sanyaya shi zai gaji da wuri. Ga sirdi mai tauri da girgizar da ke kashe yatsu. Duk da haka, a ra'ayina, ga wanda bai taɓa doguwar tafiya ba kuma aljihunsa bai yi nauyi ba, sabon babur mai cc 150 zuwa 250 daga kamfanin da kayansa ke kasuwa ya fi ƙaton na hannu wanda ba a san tarihinsa ba. Wanda ya riga ya goge, yana da bakanike da ya amince da shi da kuma rarar kuɗi, shi zai iya neman na hannu ɗan Japan mai cc 400 zuwa 650, irin su CB500X ko V-Strom 650 ko KLR650 mai tankin lita 23. A tsakanin nan ne nake ganin daidai ruwa daidai tsaki.

In sabo ka saya, kada ka ɗauka an gama. Yawancin ƙananan baburan nan a kwali suke zuwa, a bakin shago ake haɗa su cikin gaggawa. Kai shi wurin bakanikenka ya bi kowane noti, ya duba birki da sarƙa da wayoyin wili. Yi masa tafiyar sannu a cikin gari, ka juye baƙin mai na farko da wuri kamar yadda littafinsa ya ce, kafin ka ɗora shi a doguwar hanya. Ka kuma karɓi rasit mai ɗauke da lambar inji da ta jiki.

Na hannu kuwa shi ne inda ake yanka mutum yana murmushi. Lokacin da na je ganin nawa, da la'asar na je, dillali ya riga ya tayar da shi ya ɗumama, ya wanke shi yana ƙyalli, yana ta cewa, "Wallahi wani ma yana hanya da kuɗinsa." Na ji sautin salansa, hankalina ya tafi. Kai ka je da sassafe, ka ce kada a tayar kafin ka iso, ka ɗora hannu a inji ka tabbatar da sanyi. Injin da ya gaji a sanyi yake tona kansa: wuyar tashi, ƙarar ƙarfe daga sama, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da ke nuna yana ƙona baƙin mai. Buɗe wurin zuba baƙin man. In ka ga ya yi fari kamar an zuba madara, ruwan lagireto yana shiga ciki, juya ka tafi. Haska tocila cikin tanki ka nemi tsatsa. Dubi wuyan babur, inda kai ya haɗu da gangar jiki: sabon fenti ko walda a nan alamar mummunan hatsari ce, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake shigo da su daga Amurka a gwanjon kayan hatsari aka sayo su. Hau shi a miƙaƙƙen titi ka sassauta riƙo, ka ga ko yana ja gefe. Kada ka yarda da mita, ana mayar da ita baya. Robar matakar ƙafa da faifan birki su ne ba sa ƙarya. Ja sarƙa daga bayan haƙoran taya ta baya, in ta ɗago har kana ganin haske, ita da haƙoran duk sun ƙare. Sa a auna batir inji yana aiki, ya kamata ya nuna tsakanin volt 13.5 da 14.5, ƙasa da haka ba ya caji, kuma babban babur da ba shi da kik, in batir ya mutu a daji, ya mutu ke nan. In makullinsa mai na'ura ne a ciki, nemi na biyu tun a wurin ciniki.

Taya ma tana da ranar haihuwa. A gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 yana nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta haura shekara biyar ko shida, ko da zanenta yana nan daram, robar ta bushe, kuma kwaltar Arewa da bazara ba ta raga mata. Tambayi kuɗin sabuwa da inda ake samun girmanta kafin ka saya. Mai faci yana ko'ina, amma faffaɗar tayar babban babur ba ta rataye a shagon kowa.

Kuskuren da ya fi ci min rai shi ne na kuɗi. Duk abin da na tara na zuba a ciniki da la'ada, na dawo gida da babur ba tare da ko kuɗin taya ba. Na yi tafiya da hular kwano ta arha wadda ba ta kai sunanta ba, da takalmin da ba ya rufe idon sawu. Allah ne ya tsare, ba dabarata ba. Yanzu abin da nake gaya wa ƙannena shi ne su raba kuɗin gida uku: biyu na babur, ɗaya na hula mai rufe haɓa, da rigar kariya, da safar hannu, da takalmi, da taya, da sarƙa, da takardu. In kaso biyun bai isa babur ɗin da kake so ba, to ba ka kai sayensa ba tukuna. Ka kuma lissafa mai. Tun da aka janye tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, bambancin babur mai cin kilomita 40 da lita ɗaya da mai cin 18 ya zama kuɗin gaske a tafiyar kilomita dubu.

Takardu kuma kada ka ji kunyar tsanantawa, ko da ɗan'uwanka ne mai sayarwa. Lambar jiki tana buge a wuyan babur, haruffa da lambobi 17 a yawancin na zamani. Karanta ta da idonka ka gwada da ta takardar kwastan da ta rajista, harafi bayan harafi. In an goge ta ko an sake bugawa, ko an ce takarda tana wurin wani da ya yi tafiya, cinikin biri a sama ne. A rubuta yarjejeniya da shaidu, a sauya sunan mai shi zuwa naka. Nemi lasisin tuƙin babur, rukunin A, da inshora. A kan doguwar hanya shingen bincike ba ya ƙirguwa, kuma baƙon babur mai kaya a baya shi ake fara tsayarwa.

Sannan ka sani ba ko'ina ake barin babur ya shiga ba. An hana hawansa a Maiduguri tun 2011. Jihohi irin su Zamfara da Katsina sun sha sanya dokar taƙaita zirga-zirgarsa saboda 'yan bindiga, haka ma yankunan Diffa da Tillaberi a Nijar. Legas kuma ta hana masu ƙasa da cc 200 hawa manyan titunanta. Mai niyyar Maraɗi ko Damagaram ya tuna Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025, don haka labarin wanda ya tsallaka shekarun baya ba zai wadatar da shi ba. Je tasha ka tambayi direbobin da suka bi hanyar a wannan makon, su ne suka san inda aka rufe da inda ba a bi bayan la'asar. In rana ta kusa faɗuwa, nemi masauki a garin da kake.

Da ka saya, kada tafiyarka ta farko ta zama babbar. Ɗaura duk kayan da za ka tafi da su, ka yi Kano zuwa Zariya ka dawo, ko Katsina. A nan za ka gane ko sirdin yana ƙona ka bayan awa biyu, ko bayanka yana riƙewa, ko igiyar kaya tana taɓa salansa, da kuma ainihin kilomita nawa tankinka yake kai ka kafin ya nemi ƙari. Rubuta wannan adadin, ka cire kashi ɗaya cikin biyar, abin da ya rage shi ne tazarar da za ka riƙa sawa tsakanin gidan mai da gidan mai.