Farin Ruwa da Baƙin Ruwa: Sana'ar Jirgi a Yawuri

Sana'armu jigila ce a kan Kogin Kwara, wato Kogin Neja. Jirage uku na katako gare mu a kwatar Yelwa, nan Yawuri, kowanne da injin Yamaha a bayansa, sai ƙaramin kwale-kwale guda na kai saƙo. Muna ɗaukar albasa da shinkafa da banda, ranar kasuwa kuma mutane da awakinsu da baburansu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da gora da filafili ya ci abinci a wannan ruwan, ni kuwa na taso na tarar da inji. Akwai matuƙa a ƙarƙashina, da yaran jirgi masu kwarfe ruwa da kama igiya, da malami guda mai rubuta lodi. Jirgi da inji duk mai kuɗi zai iya saye. Inda ake barin mutum a baya shi ne sanin lokacin ruwa, don a nan kogin sau biyu yake cika a shekara, kuma kowace cika da halinta.

Ta farko ita ce farin ruwa. Yakan taso a watan Agusta, ya kai maƙura wajen Satumba zuwa Oktoba. Wannan ruwan daminarmu ne ta kusa. Gulbin Kabi na cikin masu kawo shi: tun daga wajen Funtuwa yake tasowa, ya bi ta Gusau, ya haɗu da Rima a Sakkwato, ya ratsa Argungu da Birnin Kabi, ya kwashi Kogin Zamfara da Gulbin Ka, sannan ya juye a Kwara can sama da mu. Ga kuma ƙoramun da ke gangarowa daga Burkina Faso da Binin. Ruwa ne mai laka da gaggawa, ya zo da kainuwa da rassan itace, wani lokacin har da rufin bukkar wani bawan Allah. In jirgi zai hau sama a wannan lokacin, inji yakan sha mai fiye da kima, kuɗin jirgi kuwa ba ya ƙaruwa don ruwa ya yi ƙarfi. A 2020 wannan ruwan ne ya shanye shinkafar fadamun Kabi, mu ma muka ji a jikinmu, don wanda ya rasa amfanin gona ba shi da abin da zai ɗora a jirgi.

Ta biyu ita ce baƙin ruwa, kuma ita ce ke ba baƙo mamaki. Cikin Disamba, ana tsakiyar hunturu, hazo ya rufe gari, babu ko ɗigon hadari a sama, sai ka ga kogi yana hawa a hankali, har ya kai Janairu da Fabrairu. Ruwan garau yake, babu laka, shi ya sa yake duhu in ka leƙa. Ruwan sama ne shi ma, amma na wata ƙasa, kuma ya yi wata biyar ko shida a hanya kafin ya iso mana.

Mafarin kogin yana tsaunukan Gini, dab da iyakar Saliyo, kimanin kilomita 240 kacal daga Tekun Atilantika. Maimakon ya gangara tekun da ke kusa da shi, sai ya ba shi baya ya nufi arewa maso gabas, wajen hamada, tafiyar da ba ta ƙarewa sai ya ci kusan kilomita 4,180. Ya bi ta Farana da Kurusa da Sigiri, ya shiga Mali, ya ratsa Bamako da Segu, ya wuce dam ɗin Markala da aka kammala a 1947 don noman rani. Daga nan ƙasa ta shimfiɗe. A yankin Masina, inda Kogin Bani ke shigowa a Mopti, ruwan ba ya samun gangare, sai ya bazu cikin fadamu da tafkuna irin su Debo, ya rufe fili fiye da murabba'in kilomita 20,000 a shekarar da damina ta yi kyau. Can ne yake yada zango. Lakarsa ta kwanta, rana ta sha rabonta mai tsoka, Fulani su yi kiwo a ciyawar burgu, masuntan Bozo su kama kifi. Abin da ya rage shi ke lallaɓowa ta kusa da Tumbuktu, ya karya kwana zuwa Gawo, ya bi Tilaberi da Yamai, ya wuce ƙarƙashin gadar Gaya da Malanbil, ya shigo Najeriya ta wajen Lolo a ƙaramar hukumar Bagudo.

Watannin baƙin ruwa su ne ribarmu. Jirgi ya ɗauki cikakken lodi ya je har bakin kwata ba tare da cikinsa ya taɓa yashi ba, iska ba ta da yawa da safe, manoman rani suna buƙatar a tsallaka musu da taki da injin ban-ruwa, daga baya a dawo musu da albasa. Saboda haka tun watan Nuwamba nake kasa kunne. Fatake da masuntan da ke yawon su can sama sukan faɗa mana ta waya yadda ruwa ya kai a Mopti ko Gawo. In suka ce ya cika ya batse, sai in ƙara yaro, in karɓi alkawarin dillalan albasa da gaba gaɗi. In suka ce bana ya yi rowa, sai in rage alkawari, don na san janyewa za ta zo da wuri.

Wani injiniyan ruwa da ya taɓa ɗaukar shatar jirginmu ya ba ni labarin kogunan da ba haka suke ba, kuma abin ya zauna mini a rai don ya shafi shinkafa. Kogin Ganjis na Indiya daga ƙarƙashin daskararriyar ƙanƙarar Gangotri yake fitowa, a tsaunukan Himalaya, wajen mita 4,000 sama da teku, ya yi tafiyar kusan kilomita 2,500, ya haɗu da Burahmaputura a Bangaladash, su faɗa teku tare. Kogin Indus kuma daga Tibet yake tasowa, ya keta Pakistan tsawonta, ya ƙare a Tekun Larabawa kusa da Karachi. Su waɗannan, zafin bazara ne ke narka ƙanƙara ya ƙara musu ruwa tun kafin damina ta sauka. Wato nasu rumbun yana kan dutse, namu yana fadamar Masina. Sai dai rumbun ƙanƙara ajiyar shekaru aru-aru ne, namu kuwa na damina ɗaya ne tak. In ruwan sama ya gaza a Gini, a shekarar nan za mu gani. Bayan farin 1984, a watan Yunin 1985 kogin ya tsaya cak a Yamai, har mutane suna tsallake shi da ƙafa. Shinkafar Indiya da ke gogayya da tamu ta Kabi a kasuwa, wadda aka rufe iyaka a 2019 don a tare irinta, wani ɓangarenta da ruwan waɗancan kogunan aka noma shi.

Mu nan Yawuri akwai hannu na uku a cikin lissafin, wato dam ɗin Kainji. Tun da aka kammala shi a 1968 muka koma zaune a bakin tafki ta arewa. Tsohuwar Busa ta nutse, an tayar da mutane kimanin 44,000, cikinsu har da Gungawa da yawa da suka bar tsibiransu na gado. Farin ruwa ke cika tafkin, baƙin ruwa ya riƙe shi, daga wajen Maris kuma a ci gaba da sakin ruwa don lantarki, ya yi ta sauka kusan mita 10 kafin Agusta. Manomi yana murna da wannan janyewar don tana bar masa danshi, matuƙi kuwa lokacin ne idonsa ke buɗewa. Itatuwan da ruwa ya rufe tun wancan zamani kututturansu na nan a tsaye. Da ruwa ya yi ƙasa sai su matso dab da fuska, ba ka ganinsu sai ka ji ƙara. In ka yi sa'a farfela ce za ta tafi. In ba ka yi ba, katakon ciki ne. Shi ya sa ba na ba sabon matuƙi jirgi sai ya yi rani guda cur yana zaune kusa da tsohon hannu, yana haddace inda kowane kututture yake, da inda dorina ke kwana da 'ya'yanta.

Ba wanda ke wannan sana'a da zai manta watan Mayun 2021, lokacin da jirgi ya kife kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, mutane da yawa suka rasu, akasarinsu 'yan kasuwa da masu neman na abinci. Allah ya gafarta musu. Mukan ce ƙaddara, kuma ƙaddara gaskiya ce, amma lodin wuce kima da tafiyar dare da tsohon katako mu ne muke yinsu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 jarabar ta ƙaru, don kowa na son sawu ɗaya ya biya masa kuɗin sawu biyu. Ni dai na sa an ja layi da fenti a jikin kowane jirgi nawa. Ruwa ya taɓa layin, an rufe lodi, ko buhun wa ya rage a kwata. Rigar ruwa kuma dole ce, ko da yake da dattawa ake fama. Sai na ce, "Baba, don Allah a daure a sa, ko don jikokin nan," kafin a karɓa ana gunaguni.

Watannin ƙarancin ruwa na gyara ne. Mu ja jirgi tudu, kafinta ya cire ruɓaɓɓen katako, a cusa auduga a tsagu, a bi da kwalta. Katako mai kyau ya yi tsada yanzu, daga nesa ake kawo shi.

Abin da ke ƙasa da dam ɗin Kainji ba yankinmu ba ne, amma ruwan da ya ɗauki jirgina bai gama tafiya ba. Zai sake juya injin lantarki a Jebba, ya karɓi Kogin Kaduna, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, ya wuce ƙarƙashin gadojin Anaca guda biyu, ta 1965 da sabuwar da aka buɗe a 2023, sannan ya rarrabu rassa-rassa, manyansu Nun da Forkados, ya shiga tekun da ya ba baya tun a Gini. Turawa sun daɗe ba su gane wannan ba. Mungo Park ya mutu a Busa a 1806 yana neman inda kogin ya ƙare, sai a 1830 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka sauka a nan Yawuri, daga baya suka bi ruwan har bakin teku. Bandar da muke saukewa a kwata takan riga ruwan isa Anaca, a bayan tirela.

Abin da nake sa wa ido yanzu shi ne dam ɗin Kandaji da Nijar ke ginawa sama da Tilaberi. Ƙasashe tara ne ke cikin hukumar kula da kogin mai hedikwata a Yamai, kuma kowace na da manoma da masu son lantarki. Duk wanda ya tare ruwa can sama, baƙin ruwanmu ya taɓa, ko ya rage shi ko ya sauya masa lokaci. Na yi niyyar sa a ƙera mini babban jirgi na huɗu bana, amma na ce wa kafinta ya yi mini matsakaici mai shimfiɗaɗɗen ciki, wanda zai iya shiga kwata ko ruwa bai wuce ƙugu ba.