Ganuwar da ba a san sunanta ba

Tun da na ajiye alli na daina koyar da tarihi a lakwal nan Maraɗi, karatun tsohuwar Girka ya zame mini abokin hira, kuma ba abin da ya tsaya mini a rai kamar wani kufai da ake kira Gla, a yankin Boyotiya. Tudun dutse ne a filin tsohon tafkin Kofayis. Wajen shekara 1300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka kewaye shi da ganuwa mai tsawon kusan kilomita 3, filin cikinta ya ninka na Mikenai, shahararren birnin Girka na wancan zamani, sau da yawa. Duk da haka ba wanda ya san sunan da maginanta suka raɗa mata. Gla ɗin ma daga baya aka laƙaba. Wannan yana yi mini ciwo ƙwarai, aiki irin wannan a ce ko sunan garin bai tsira ba.

A wasu wuraren kuma sunan ne ya rage, harshen ya mutu. Korintos, Zakintos, Kinosos, Farnasos: masana sun daɗe da lura cewa waɗannan ƙarshen, -ntos da -sos, ba na Girkanci ba ne, na mutanen da Girkawa suka tarar ne. A 1896 masanin harsuna Paul Kretschmer ya haɗa su da sunayen garuruwan Anatoliya, Turkiyya ta yau. Akwai masu cewa Farnasos daga "parna" yake, wato gida a harshen Luwiyawa, mutanen tsohuwar Anatoliya. Ra'ayin yana burge ni, amma kama da wane ba ta wane.

Larisa ce na fi gamsuwa da ita. Garuruwa da dama sun ɗauki sunan, har da tudun tsaron Argos, kuma ana fassara shi da wuri mai kariya. Duk wanda ya san Birnin Ƙonni da Birnin Lalle zai gane yadda kalmar ganuwa ke rikiɗewa ta zama sunan gari.

Su kansu Girkawan baya sun rasa bakin zaren. Da suka ga duwatsun ganuwar tsohon birnin Tirins, sai suka ce ƙattin nan masu ido ɗaya na tatsuniyoyinsu ne suka ɗora su. Fausaniyas, matafiyin ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), ya rubuta cewa alfadarai biyu ba su iya motsa ko ƙaramin cikinsu. Michael Ventris ya warware tsohon rubutun Girkanci da ake kira Linear B a 1952, aka karanta ko-no-so, wato Kinosos, a allunan yumɓu. Linear A, wanda ya girme shi, har yau ba a karanta ba, kuma can nake sa ran wasu amsoshin suke.